Wani abu ya toshe min bututun tafkin kifi: in canja ko in kankare?

Baban Hanifa, Ikorodu: Assalamu alaikum. Tarwaɗa nake kiwo, daga rafi nake jawo ruwa. Kwanan nan ruwan ya rage ƙarfi, da na buɗe bututu sai ga wani abu ruwan ƙasa mai rassa manne a ciki, ba kore ba ne. In canja bututun ko in kankare? Wata ɗaya ya rage in sayar da kifin.

Ɗan Agege: Gansakuka ce. Zuba bilic ka huta.

Hajiya Mai Kifi: Kar ka kuskura! Haka aka ce min bara. Da magariba na zuba, da asuba duk sun juyo ciki sama. Kuɗin adashe ne fa, har yau biya nake. Wanda ya ba ni shawarar ko jaje bai zo ba.

Ummi, Akoka: Baba, ɗebi ɗan guntu ka sa a gilashi da ruwan rafin, ka bari ya natsu. In wani farin gashi-gashi ya leƙo, ka ƙwanƙwasa gilashin ya shige, to dabbobi ne, birayozowa. Kowace mitsitsiya tana da kambin siraran hannuwa kewaye da bakinta, a aji lofofo muke cewa. Gashin da ke jikin hannuwan ne ke kaɗa ruwa ya koro abinci zuwa baki, shi ya sa suke son inda ruwa ke gudu. Ba sa cin kifi. Sai dai ko an kankare suna barin ƙwayoyi masu tauri da ke jure bushewa, su sake tsirowa.

Ɗan Agege: 'Yar boko, kin taɓa kiwon ko da kifi ɗaya?

Hajiya Mai Kifi: Kai da ka kiwata, ba bilic ka ce ba?

Sani Famfo: Canja kawai, Alhaji. Dubu 40 zan yi maka.

Malam Idi, Mile 12: Dubu 40? Ni 90 na kashe, ban da kuɗin aiki.

Auwal: Tambaya ɗaya, ana farfesunsa?

Hajiya Mai Kifi: Dariya kuke. Ni bayan asarar nan ko buhun abinci na kasa saya.

Malam Idi: Ai abincin ne ke kashe mu, Hajiya. Kullum sai ya tashi, masu sari kuwa farashin bara suke tayawa. Nawa kuke sayen buhu a wajenku?

Baban Hanifa: Jama'a, bututun fa?