Wace kala za ta hau da tebur ruwan makuba a dainin?

Uwar Biyu, Kofar Kaura:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara kan fentin dainin. Tsawonsa mita 4, faɗi mita 3 da rabi, bango mita 3. Tayil ɗin ruwan madara ne, tebur da kujeru shida katako ne ruwan makuba, taga ɗaya ce tana kallon yamma. Mai fenti ya ce a yi ruwan toka, wai shi ake yayi. Zai dace? Kuma wane labule zan sa?

Baban Zane:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki fara da bango. Tayil da tebur sun riga sun zauna, su ne za su zaɓar miki fenti. Dukansu biyu kaloli ne masu ɗumi, akwai ɗorawa da ja a cikinsu. Ruwan tokar da ake yayi kuwa yawanci shuɗi ne a ƙarƙashinsa, in ya haɗu da tayil ruwan madara sai tayil ɗin ya zama kamar ya yi datti ko an goge shi sau goma. In dai tokar kike so, a nemo wadda ta karkata zuwa ruwan ƙasa.

Masu adon ɗaki suna raba kala gida uku: kashi 60, kashi 30, kashi 10. Sittin ɗin bango ne da silin da tayil, ki bar su a ruwan madara mai haske. Talatin ɗin tebur, kujeru da labule. Goman nan ita ce kwalliya: ƙyallen tsakiyar tebur, kuloli, faranti, faifan ado a bango. A nan kaɗai za ki saki hannu. Da makuba, kore mai duhu ko ruwan goro duk suna hawa. Ɗaya za ki ɗauka, ki maimaita ta wuri uku a ɗakin, in ba haka ba sai ta zama kamar an manta da abu ne a kan tebur.

Mai Rola, Daura:
Ranki ya daɗe, ga lissafi. Zagayen ɗakin mita 15 ne, sau tsayi 3 ya ba da murabba'in mita 45. Cire ƙofa da taga, saura kamar 40. Lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10 a bango mai sumul, kuma shafa biyu ake yi, kenan lita 8. Ki sayi galan uku na lita huɗu, ragowar ki ajiye don gyara. Bangon da ba a yi mashi sikiridin ba, wato shafen da ke sa bango ya yi sumul kafin fenti, ya fi haka sha.

Abin da ya fi ɓata aiki shi ne haɗa kala kaɗan-kaɗan. A juye duka a bokiti ɗaya a gauraya tun farko, domin haɗi na biyu ba ya taɓa fitowa daidai da na farko, kuma a kusurwa ake kama shi. Kafin nan a shafa gwaji, mita ɗaya a bangon da ke kallon taga, a bari ya bushe, ki duba da safe, da la'asar, da dare an kunna wuta. Ranar la'asar ta tagar yamma tana ƙara wa ruwan madara ɗorawa sosai, wani har ya koma ruwan ƙwai.

Ki sa fentin da ake kira satin, mai ɗan ƙyalli kaɗan. Emolshan na gama-gari in miyar kuka ko manja ya fallatsa, goge shi da ruwa zai bar tabo. Mai ƙyalli sosai kuma yana tona duk wani tudu da kwari na filasta. In ginin sabo ne a ba filastar sati huɗu ta bushe, in ba haka ba gishiri zai huda fentin ya fito fari-fari.

Anti Mai Labule:
Na yarda da su, sai dai zancen labule ban ga an taɓa ƙura ba. Lokacin hunturu farin labule sati biyu ya isa ya koma ja, baƙi da shuɗi mai duhu kuma su suka fi nuna ƙura. Ruwan ƙasa mai haske ko ruwan zuma shi ke rufa asiri. Tunda yamma tagar ke kallo, a yi mashi shafi, don rana tana cinye kala, musamman ja. Faɗin yadin ya ninka faɗin tagar sau biyu.

Sai ƙwan wuta, wanda mutane ke raina wa. Duba jikin kwalin: 6500K fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, yana kashe ruwan makuba, abinci ma ya yi fari-fari kamar na jiya. Ki nemi 3000K. In fitilar rataye ce, ta tsaya santimita 75 zuwa 90 sama da tebur. Kafet a ƙarƙashin teburin cin abinci ni ban cika so ba, amma in dole ne ya wuce teburin da santimita 60 ta kowane gefe, don ƙafar kujera kada ta riƙa kama bakinsa.

Uwar Biyu, Kofar Kaura:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Kulolina ruwan gwal ne da fari, koren zai karɓe su? Sai na gwada a bangon tagar tukuna.