Waɗanda suka karanta ginin jumlar Turanci a ƙasar Cek, yaya kuka ƙare?

Ɗan Zazzau a Brno: Salama alaikum 'yan uwa. Zangona na biyu ke nan a sashen Turanci na Jami'ar Masaryk, kuma darasin ginin jumla ya sa ni gaba. A gida abin da muka saba shi ne zana bishiyar li'irabi, a raba yankin suna da yankin aikatau, shi ke nan. Nan kuwa ba a ɗauko jumlar Turanci sai an ajiye ta Cekanci a gefenta, a tambaye ka wane labari ne sabo a cikinta, wane ne mai sauraro ya riga ya sani. Hanyar Vilém Mathesius ce, wanda ya kafa ƙungiyar masana harshe ta Prag a 1926, Jan Firbas ya faɗaɗa ta a nan Brno. Don Allah wanda ya bi ta nan ya ba mu labari.

Maman Husna: Wa alaikumus salam ƙanena. Na sha wannan a Prag, kuma jumla ɗaya ce ta buɗe min kai. Malamarmu ta rubuta "Do pokoje vešel chlapec", a ƙasa kuma "Chlapec vešel do pokoje". Duka biyun maganar shigowar yaro ɗaki suke yi; kalmomi huɗu ne ba a canza ko ɗaya ba, wuri kawai suka sauya. Bacake ba shi da "a" da "the", don haka sabon abu yake turawa ƙarshen jumla, sanannen ya zo gaba. Bature ba kasafai yake iya motsa aikau daga gaban aikatau ba, sai ya dogara da waɗannan 'yan ƙananan kalmomi. Ina zaune sai na ji Hausa ta faɗo min: "wani yaro ya shigo ɗaki", da "yaron ya shigo ɗaki". Wallahi daga ranar na daina haddar ƙa'idoji, duk misalin da aka ba mu sai na fara auna shi da "wani" da "-n" ɗinmu. 'Yan ajinmu Cekawa kuwa a nan suke shan wuya, har a shekarar ƙarshe za ka ga jan biro a kan "the" ɗinsu.

Likita Bakano: Ni likitanci na karanta, da Turanci, amma dole a koyi Cekanci don ganin marasa lafiya. Wata tsohuwa ta kama goshinta ta ce min "Bolí mě hlava". Na tsaya ina neman "ni" a farkon jumla kamar yadda Turanci ya saba min, babu. Kalmar "hlava", wato kai, ita ce aikau, tsohuwar kuma ciwon ne yake faɗa mata. Daidai da "kai yana min ciwo".

Malam Na-Maraɗi: Ɗan uwa, abin da ya taimake ni nahawun Larabci ne na zaure. Wanda ya san rafa'u da nasabu da jarri ba zai firgita ba idan ƙarshen suna ya canza, sai dai a Cekanci irin waɗannan sigogin guda 7 ne, ba 3 ba kamar na Larabci. Garin da kake ma haka: Brno, do Brna (zuwa Brno), v Brně (a Brno). Wannan ƙarshen ne yake ba su damar juya jumla ba tare da an rasa wa ya yi wa wa ba. "Pošťáka kousl pes", mai kai wasiƙa ne a gaba, amma kare ne ya yi cizon. Bature idan yana son mai wasiƙar a gaba sai ya koma sigar da ake fara jumla da karɓau.

Ɗan Zazzau a Brno: Allah ya saka da alheri. Yaya, jiya na gwada dabararki da "Audu ne ya zo" da "zuwa Audu ya yi", malamin ya tsayar da darasi ya ce in rubuta su a allo. Ya tambaye ni me "ne" take yi a wurin, kuma ya ce mako mai zuwa in kawo misalai 10.