Abin da aka tattauna kan rasgulla

Na bi wani zaren tattaunawa kaf kan yadda ake haɗa rasgulla (kayan zaƙi na Indiya, ƙwallayen cuku da ake dafawa a ruwan sukari), ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda madarar shanu sabuwa ce ke ba da chhena (cukun da ake yin rasgulla da shi) mai laushi. A tafasa, a sauke, a ɗiga ruwan lemun tsami har ta tsinke, ruwanta ya koma kore-kore.
2. A ɗauraye chhena ɗin, a tace da ƙyalle, kada ya bushe ƙarau. A murza da tafin hannu har maiƙo ya fito. Nan akasari ake kuskure.
3. A mulmula shi ƙwallo-ƙwallo, a dafa a tukunya mai faɗi, domin ƙwallayen kan ninka girma a ruwan sukari.
4. An rabu kan ƙara garin semolina. Ni dai ban so.
5. Asalin rasgulla kuwa, 'yan yankunan Bengal da Odisha na Indiya har yanzu ja-in-ja suke.