Moton motar rimot ta zamiya yana zafi, sai an tura take tashi

Ɗan Badariya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, manya. Ina neman shawara kan motar rimot ta zamiya, HSP mai girman 1/10, mai jan ƙafa huɗu, da moto 540 mai burushi da batir NiMH 7.2V. In an ja kunamar rimot, wani lokaci ba ta motsi sai an ɗan tura ta. In ta tashi kuma, tayoyin ba su juyawa da ƙarfin da zai sa gindinta ya zame. Cikin minti biyar moton ba ya taɓuwa don zafi, ga wari irin na wayar da ta ƙone, ta ramin iska kuma ana hango tartsatsi. Moton ne ya gama, ko ESC ne, wato na'urar da ke sarrafa gudun moton? In moton ne, wane zan saya?

Mai Alanki, Gusau

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka fitar da kuɗi tukuna. Raba moton da motar, ka gwada kowanne shi kaɗai.

Cire batir, ka sa alanki 1.5mm ka sassauta ɗan sukurun da ke riƙe ƙaramar giya a kan sandar moton, ka zare ta. Yanzu tura motar a kan siminti. Ya kamata ta gangara sumul. In ta cije ko tana ƙara, to akwai boris da ya ci ƙasa, ko zare da gashi sun naɗe a gindin taya, kuma wannan nauyin ne yake dafa moton.

Sai ka koma kan moton. Kama sandar da yatsa biyu ka girgiza ta gefe da gefe. Ɗan motsi ciki da waje ba laifi ba ne, amma in tana rawa gefe, bushin, wato abin da sandar ke juyawa a cikinsa, ya cinye. Daga nan zare wayoyinsa biyu daga ESC, ka jona su kai tsaye da batiran AA guda biyu a jere, wato 3V. Lafiyayyen moto yana tashi nan take, ko a ina sandar ta tsaya. Tsayar da shi, ka ɗan murza sandar, ka sake jonawa, kamar sau goma. In ko sau ɗaya ya yi shiru sai da ka murza masa, ka gano ciwon. Zoben jan ƙarfen da burushi (ɗan gawayin da ke kai wuta) ke gogawa a kan amecha, wato ɓangaren da ke juyawa cikin moton, kashi uku ne, ɗaya ya ƙone ko burushin ya gajarce har sifirin ba ya iya danna shi. Shi ya sa turawa take tayar da ita: kana matsar da amecha ne daga kashin da ya mutu.

Haska tocilan ta ramin iska. Zoben mai lafiya launin jan ƙarfe ne. In ya yi baƙi ƙirin, da rami a inda burushi ke bi, ko wayar koyil ta dafe, magana ta ƙare. In kuwa moton ya tashi tsaf duk sau goman, sai a tuhumi batir da fulogi kafin ESC. Farin fulogin Tamiya da ake haɗo irin waɗannan motoci da shi yana saki, ya yi zafi, ya cinye ƙarfin wuta.

Ɗan Badariya, Birnin Kebbi

Na gwada, Malam. Motar tana gangarawa lafiya. Moton ya ƙi tashi sau uku cikin goma, zoben kuma baƙi ne.

Bajega, Jega

To canji ne kawai, ɗan'uwa. Gwangwanin irin wannan moton a manne yake, ba a yi shi don a buɗe a sa burushi ba, kuma ko an ɓamɓare shi zoben ya riga ya yi rami.

Nemi 540 mai burushi, 27T. Lambar T yawan zagayen waya ne a koyil: in ta yi ƙasa, gudu ya ƙaru, jan wuta da zafi su ma su ƙaru. Kada gudun 12T ko 15T ya ruɗe ka, ESC ɗin da ya zo da motar zai iya ƙonewa. Kada kuma ka karɓi 550 a madadinsa, ya fi tsawo, ba lallai ya zauna ba. Kaurin sandar 540 shi ne 3.175mm, don haka tsohuwar giyarka za ta shiga. Duba haƙoranta dai, in sun yi tsini kamar na zarto ka saya sabuwa mai girman haƙori iri ɗaya, domin giya mai 48P ba ta zama da mai 0.6, ko da a ido sun yi kama.

Wajen ɗaurawa, sukurun M3 guda biyu ne. Yi amfani da na asali. Wanda ya fi su tsawo zai shige cikin gwangwani ya taɓa amecha, ya kashe sabon moto tun bai yi aiki ba. Ɗan sukurun giya kuma ya sauka daidai kan shafaffen gefen sandar, da ɗigo ɗaya na shuɗin gam ɗin sukuru, haƙoran giyoyin biyu kuma su yi layi ɗaya.

Wurin da aka fi kuskure shi ne tazarar giya. Yanko siririyar takardar littafi, ka sa tsakanin ƙaramar giya da babbar, ka danna moton, ka ɗaure, sannan ka murza takardar ta fito. Riƙe ƙaramar da yatsa ka motsa babbar: za ka ji ɗan ƙas-ƙas kaɗan. Gwada a wurare huɗu na zagayen babbar giyar, don ba duka suke da cikakken zagaye ba. In ta matse moton zai yi zafi, in ta yi sako-sako haƙoran roba za su zube.

In sabon bai zo da waya a liƙe ba, kai wa mai gyaran rediyo da ke da babban ƙarfen liƙi. Ɗan ƙaramin na masu gyaran wayar hannu ba ya zafafa ƙafar moton sosai, dalmar sai ta dunƙule a sama, ta ɓalle daga baya. Kafin ka sa giya, bar shi ya juya da batiran AA ɗin nan kamar minti goma, burushi ya kwanta a kan zoben. In ka gama ka ga motar tana yin baya, musanya wayoyin biyu.

Mai Alanki, Gusau

Bajega ya gama magana kan ɗauri. Abin da ya kashe na farkon nake so a duba. A zamiya tayoyi suna juyawa da gudu sosai alhali motar kanta a hankali take tafiya, iska ba ta ratsa moton. Haɗa wannan da zafin Maris da Afrilu a nan, da ke wuce digiri 40. Maganaɗisun da ya sha zafi yana rasa ƙarfi, kuma ba ya dawowa. Kada moton ya wuce digiri 70. In ba ka da na'urar awo, ɗora yatsa: in ba ka iya daƙiƙa uku ba, tsaya ya huce. Sa masa hular alminiyam mai fanka 30mm, ka jona fankar a ramin da ba a amfani da shi a jikin risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot. In duk da haka yana zafi, rage haƙori biyu a ƙaramar giya.

Sai ƙurar hunturu. Maganaɗisu yana tsince baƙin garin ƙarfen da ke cikin ƙasa, ya tara shi a ciki yana cin zoben. Share filin kafin wasa, ka hure moton bayan an tashi. Mai kuwa, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane bushin ya isa. Kada ya kai ga burushi, yana haɗuwa da garin gawayin ya zama kwaɓi.

Ɗan Kabawa, Argungu

Wani zai ce maka ka koma moto marar burushi, 10.5T ko 13.5T mai sensa, irin na masu gasa. Yana da kyau, amma ba moton kaɗai za ka saya ba, dole ESC ma ya canza, kuma wayoyinsa uku sai A ta shiga A, B ta shiga B, C ta shiga C, ba a musanyawa. Ga wannan motar, 27T da fanka sun wadatar. In ESC ɗin ya gaza nan gaba, Hobbywing QuicRun 1060 yana ɗaukar NiMH da LiPo 2S, sai dai ka matsar da ɗan fulogin zaɓin batir da ke jikinsa zuwa irin batirin da ka sa.