Me za mu kira abin da ake lulluɓe ƙarfen ɗori da shi?

'Yan uwa, a Gusau idan ɗan acaɓa ya karye aka yi masa tiyata, cewa muke "an sa masa ƙarfe". Ni ƙarfen ɗori nake kiransa, kuma ban ji wanda ya musa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da Turawa ke kira coating, siririn abin da ake lulluɓe ƙarfen da shi tun daga masana'anta.

Sai mun san aikinsa kafin mu raɗa masa suna. Ƙwayoyin cuta, musamman Staphylococcus aureus, suna son jikin ƙarfe. Da sun manne sai su rufe kansu da wani yauƙi da magani ke wuyar ratsawa. Mutum ya yi ta shan allura, ciwo na ta tsatsafo da ruwa, ƙarshe a sake buɗewa a cire ƙarfen. Shi ya sa ake lulluɓe wasu da azurfa ko maganin gentamisin. Sannan akwai guga: a gwiwa ko ƙugun da aka sauya da na ƙarfe da roba, ƙarfen na gogar robar, ɓurɓushi na zuba, ƙashi ya zaizaye, abu ya fara girgiɗi. Don rage wannan ake lulluɓe ƙarfen da wani sinadari, titaniyam naitiraid, mai launin gwal.

Wani ya ce fenti. Haba malam! Ka gaya wa dattijo an zuba masa fenti a cinya ka ga.

Wani malami daga Argungu ya kawo shafe. Na so sunan, sai wata ma'aikaciyar jinya ta ce ranar da aka faɗi haka, 'yan jinya za su tambaye ta sau nawa ake shafawa a rana. Gaskiyarta.

Maƙeran farfaru kan ce ruwan azurfa, amma wannan azurfar kaɗai ya kama.

Ni dai na tsaya a kan sulke. Kowa ya san kariya ce da ake sa wa jiki. An ce sulke na da kauri kuma ana tuɓe shi, wannan kuwa bai kai kaurin gashi ba. Na yarda, amma aikin muke raɗa wa suna. Sai mu ce sulken kashe ƙwayoyin cuta, da sulken hana zaizaya.

Akwai wanda sulke bai kama ba: haidiroksiyafatait, sinadarin da ke cikin ƙashi, wanda ake fesa wa ƙarfe don ƙashi ya kama shi. Wannan ba kora yake ba, gayyata yake. Likitocin ƙashi na Birnin Kebbi, me kuke ce wa majinyata?