Ruwan Matan Fada ya ƙi fita a Blender, ina neman taimako

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zanen kwamfuta. Daga Argungu nake. Mako uku ke nan ina haɗa ɗan fim na minti ɗaya kan bikin kamun kifi, a Blender, manhajar zanen 3D, da injinta na fitar da hoto mai suna Cycles. Masunta da gorunansu da homa duk sun fito. Ruwan ne ya gagare ni.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada, kogin da ake bikin a cikinsa, ya san ruwan ba garau yake ba. Mai laka ne, ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu sai yatsunka su ɓace, amma samansa na ƙyalli da rana. Na sa ma'aunin karkatar haske 1.33 kamar yadda yake ga ruwa. Da na sa shanye haske kaɗai, sai ya fito kamar shayi a kofin gilashi, ana hango ƙasa. Da na ƙara watsa haske saboda lakar, ya koma kunu, gorar kamar an kafa ta a taɓo. Ga ɗige-ɗige a hoton ko da samfur 1024 (yawan gwajin hasken da injin ke yi a kowane ɗigon hoto), hoto ɗaya yana cin minti 40.

Na fahimci ruwa tsantsa jan haske yake fara shanyewa, shi ya sa mai zurfi ke yin shuɗi, namu kuwa laka da ruɓaɓɓun ganyaye ke cinye shuɗin. Ƙwayoyin laka kuma gaba suka fi tura haske.

To, yaya zan auna shanyewa da watsawa su yi daidai? Kuma ma'aunin turawa gaba, nawa kuke sawa? Don Allah wanda ya taɓa yin ruwan kogi ya nuna min.