Katin ATM a ƙasar waje: wanne ke aiki, kuma me ke sa ya ƙi?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan raka Hajiyarmu Umra, bayan mun dawo kuma ina da tafiyar mako guda zuwa Faransa. Katuna biyu gare ni, Verve na asusun naira da Mastercard na asusun dala. Wanne zai yi a can? Lambar sirrin da nake dannawa a POS nan Kano ita ce dai zan danna? An kuma ce injin kan tambayi mutum da wane kuɗi zai biya, wanne ake zaɓa? Ba na son in tsaya gaban mai kanti kati ya kunyata ni.

Malam Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Allah ya karɓi ibada, ya kai ku lafiya.

Mastercard ɗin shi ne abokin tafiyarka. Verve na yau da kullum don cikin gida aka yi shi, haka ma AfriGo da aka fito da shi a 2023, kada ka dogara da su a Makka ko Paris. Lambar sirri kuwa ita ce dai, guda huɗun nan. Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke jikin katin tsari ɗaya yake bi a duk duniya, wanda ake kira EMV, shi ya sa injin Jidda ke karanta katin Kano.

Yawancin katunan da ke ƙin aiki a waje, tun daga gida aka bar matsalar. Ka je banki da kanka kafin tafiya, ka tambayi abu uku: an buɗe wa katin nan amfani a ƙasar waje? Nawa ne iyakarsa a rana da a wata, a POS da a ATM, domin kowanne da nasa? Nawa ne cajinsu a kowace cira? Ka gaya musu ƙasashen da za ka da ranakun, don kada na'urarsu ta ga an kashe kuɗi a Madina ta ɗauka ɓarawo ne ta rufe katin. Wasu bankunan a cikin manhajarsu ake kunna wannan.

Idan ka yi niyyar karɓar katin naira na Visa ko Mastercard a matsayin na biyu, ka tambaya sosai. Bankuna da dama sun dakatar da amfani da shi a waje wajen 2022, wasu suka sake buɗewa a 2025 amma da iyaka, kuma iyakar kan canja. Duk da haka ina ba da shawarar kati na biyu daga wani banki daban, a ajiye shi a wata jaka daban.

Sai layin waya. Sayen tikitin jirgin ƙasa na Haramain ko biyan otal ta intanet yana bukatar lambar da banki ke turowa ta saƙon waya. In layinka na Najeriya ba ya kamawa a can, lambar ba za ta iso ba. Ka sa a buɗe wa layin aiki a waje, ko ka koma karɓar lambar ta imel ko manhaja. Ka kuma duba ranar ƙarewar katin a jikinsa.

Umman Sadik:
Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙarshe ita ce inda kuɗi ke zurarewa mutum bai sani ba. Amsar a taƙaice: kullum ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake tsaye a cikinta. A Saudiyya riyal, a Faransa yuro.

Ga dalili. Idan injin ya gane katin baƙo ne, sai ya nuna maka farashi biyu, na riyal da na dala. Na dalar yana da jan hankali tunda asusunka na dala ne, kana ganin ka san abin da za a cire. To amma in ka danna shi, kamfanin mai injin ne zai yi maka canji da farashin da ya ga dama, ya ɗora ribarsa. In ka danna riyal, Mastercard da bankinka ne za su canza, kuma nasu ya fi kusa da farashin gaskiya ko da an haɗa da cajin banki. A Saudiyya lissafin ba wuya, domin riyal 3.75 ne dala ɗaya, a ɗaure yake. Ka sayi dabino da dardumai na riyal 750, dala 200 ke nan cif. In allon ya nuna maka 212, ka san sha biyun nan kuɗin canjinsu ne. Wani mai kantin kan danna maka da kansa don sauri, saboda haka ka ce masa "riyal" tun kafin ka miƙa katin, kuma ka karanta allon kafin ka sa lamba. ATM ma yana yin wannan tambayar, amsar ɗaya ce.

A ATM kuma, yawancin cajin a kan kowace cira ne. Cire riyal 1,000 sau ɗaya ya fi cire 200 sau biyar sauƙi. Ka nemi injin da ke jikin banki, da rana. Hajiya kuma a bar mata 'yan riyaloli a hannu don tasi, sadaka da masu tura keke, ba komai ake biya da kati ba.

Ɗan Maraɗi:
Abin da Umman Sadik ta faɗa haka yake. Zan ƙara a kan Faransa, don can ne lambar sirri ke da wani sha'ani.

Hanya biyu ake tantance lambar. Ko injin ya aika ta bankinka a duba, kamar yadda aka saba a Najeriya, ko kuma ƙarfen katin ya duba da kansa ba tare da an tuntuɓi banki ba. Faransa da Ingila sun saba da ta biyun. Katin da banki bai tsara shi da hanya ta biyun ba, zai yi aiki a kanti inda akwai mutum, wani lokaci injin ya fito da takarda a ce ka sa hannu, amma yana iya ƙi a injin da ba kowa: na tikitin jirgin ƙasa, na kuɗin hanya, na gidan mai da dare. In haka ta faru ba katin ne ya lalace ba, ka nemi tagar da ke da ma'aikaci.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, in ka canja lambar sirri ta manhaja, ƙarfen katin bai san an canja ba sai ka zura shi a ATM ya karɓi sabuwar. Ka yi hakan a gida kafin ka tashi. Na biyu, ƙarfen yana ƙirga kuskure, galibi sau uku. Ka yi kuskure biyu, ka tsaya ka tuna, domin in ka sa daidai ƙirgen zai koma farko, in ka yi na uku kuwa ya kulle, kuma kwana ba ya buɗe shi. Sai bankinka, wani lokaci ma sai sabon kati.

Dangwala kati a jikin injin ba tare da lamba ba yuro 50 ne iyakarsa a Faransa, kuma bayan 'yan dangwale injin zai ce ka zura ka sa lamba. Wannan tsaro ne, kada ka tsorata.

Ka kula da riƙon kuɗi. Otal da gidan mai kan riƙe wani adadi a asusunka tun kafin a san nawa za ka kashe. Famfon mai kan riƙe sama da yuro 100 ko da na 30 ka sha. Za ka ga alat kamar an cire. Suna sakewa, amma wani lokaci kwanaki, wani lokaci har wata guda. Don haka ka bar rara a asusun, kuma ranar barin otal ka ce su saki riƙon, su ba ka shaida a rubuce. A gidan abinci injin ake kawo maka kan tebur, kada ka bari a shiga ciki da katinka.

Mutanenmu na Nijar, katin GIM-UEMOA zalla a ƙasashen sefa takwas yake aiki, sai mai tambarin Visa ko Mastercard ne zai yi a Faransa. Lissafinku kuma yuro ɗaya sefa 655.957.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya: in ATM ya haɗiye katin fa, ko aka cire kuɗi bai fito ba?

Malam Bakatsine:
In ya haɗiye, ka rufe katin a manhaja nan take, sannan ka shiga bankin da fasfo ɗinka. Da yawa ba sa mayar da katin wani banki, nan na biyun zai yi maka rana. Yawanci jinkirin zare kati ne ke jawo haka, don injin daƙiƙu kaɗan yake jira, kuma a can kati ke fara fitowa kafin kuɗi.

In an cire bai fito ba, ka ɗauki hoton allon da lambar injin, ka riƙe rasit, ka rubuta rana, lokaci da adadi. Bankinka na gida za ka kai wa ƙara, ba mai injin ba, shi zai bi ta Mastercard ya karɓo. Ka tura musu imel ranar, kada ka jira sai ka dawo, domin ƙarar tana da wa'adi.